Minti Ashirin na Alhaji Maliki

Ni dai tun ranar da Hajiya Hajjo ta tako cikin gidana da buhun shinkafa a bayanta na san akwai magana. Mun daɗe a layi ɗaya a Dutsen Kura, benensu yana kallon gidana, amma matar nan ba ta taɓa sanin kalar labulen ɗakina ba. Gaisuwarmu ba ta wuce ta ɗaga min hannu daga cikin mota. Sai ga ta rana tsaka da sallama, direbanta ya dire shinkafa a tsakar gida ya fita, ita kuma ta zauna a kujerar roba tana ce min, "Maman Vivian, ya kasuwa?"

Sunana Esta. Ƙanƙara nake sayarwa, da kunun aya da zoɓo mai sanyi. Da su na riƙe gidan nan tun da mijina ya rasu, da su 'yata Vivian take karatun aikin jinya. Firiza uku gare ni. Kasuwar da Hajiya take tambaya kuwa ta kwanta, saboda taransifomar layinmu ta tsufa. Tana can gangare kusa da kwalbati, a gaban gidan mai unguwa Baba Ndagi, duk damina sai ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Ba ta mutu gaba ɗaya an huta ba. Takan kawo wata irin wuta da ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi, firiza ta yi gurnani ta yi shiru. Ruwan da na ɗaura a leda da safe, haka zan same shi da yamma.

Kafin zuwan Hajiya, Baba Ndagi ya riga ya zo min da albishir. Wai mijinta Alhaji Maliki, ɗan kwangila, zai saya wa layi sabuwar taransifoma, babba, daga aljihunsa. Masu aikin wuta sun zo sun duba, sun ce ba inda ya dace da ita sai ɗan filin da ke gaban gidana, nan kan kwana, saboda tudu ne kuma yana kusa da babban layi. Filin nan babana ya bar min shi. A kansa nake shanya aya.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Har na fara tunanin wanke firizojin. Sai Baba Ndagi ya ƙara wata magana yana kakkaɓe hularsa, kamar ba komai ba ce.

"Sai dai Alhaji ya ce makullin zai zauna a wurinsa."

Nan murnata ta tsaya. A unguwarmu akwai yadda ake yi. Taransifoma tana cikin keji na ƙarfe saboda ɓarayin mai da na waya, kuma duk wanda aka kafa ta a gaban gidansa shi ke riƙe makulli. Ba ƙaramin abu ba ne. Idan kaya ya yi mata yawa, mai makulli ne ke cewa yau a cire fiyus ɗin wannan ɓangare, gobe na wancan, don kowa ya samu. Haka Baba Ndagi ya yi ta yi mana, ana faɗa ana shiryawa. To fili nawa, makulli na wani? Kuma wanin ma Alhaji Maliki, mutumin da duk lokacin da aka zaga karo-karon gyaran wuta sai maigadinsa ya ce oga ya yi tafiya, alhali ga motarsa muna gani ta ƙasan get. Yana da janareta, yana da sola a kan rufi. Duhunmu bai taɓa hana shi barci ba. Me ya same shi bana?

Shi ya sa da Hajiya ta zauna na zuba mata ido, na bar ta ta yi ta zuba. Hajiya Hajjo ba muguwa ba ce, sai dai abu ba ya zama a cikinta. Ta yi maganar zafin Minna, ta yi ta tsadar tumatir, sannan ta ciro waya.

"Zo ki ga abin da Alhaji ya yi oda."

Wata jip ce baƙa, doguwa, tana tafiya a bakin teku cikin bidiyo, ba hayaƙi ba ƙara. Kujerunta farare tas. Na ce kai, ma sha Allah, yaushe za ta iso?

"Ai ba ta ma fito ba tukuna," in ji ta. "Ko a can ƙasarsu ba a fara sayarwa ba. Sai ka ba da kafin alƙalami a sa sunanka a layi. Alhaji ya ce a duk jihar nan shi zai fara hawanta."

"Nawa take?"

Ta rage murya duk da mu biyu ne a gidan. "Sun ce miliyan ɗari biyu da wani abu. Amma fa Maman Vivian, ba ta shan mai ko ɗigo."

"To me take sha?"

"Wuta mana. Kamar waya ake jona ta. Kuma kin ga irin tata, minti ashirin ta kusa cika. Kafin Alhaji ya gama shan shayi ta sha wutar da za ta kai ta Abuja ta dawo."

Na ce ikon Allah. Na raka ta har bakin ƙofa, na yi godiyar shinkafa, na dawo na zauna a kan buhun. Ashe ba mu aka saya wa taransifoma ba. Mota aka saya wa, mu kuma aka ce mu yi godiya.

Washegari na tafi shagon Godwin, mai gyaran wutar da ke yi mana aiki a layi. Na tambaye shi, motar da za ta cika cikin minti ashirin, wace irin wuta za ta ja? Ya sosa kai ya kalli rufi.

"Mama, ni ban taɓa ganin irin motar nan da idona ba. Abin da na sani dai, duk abin da ke cika da sauri yana ja da ƙarfi. Amma taransifomar babba ce fa. Ƙila ta ɗauke ku duka."

"Ƙila?"

"Mama, abeg, ki ba su filin kawai. Kowa ya gaji da duhu."

A bakin ƙofar shagonsa na ga sabuwar waya naɗi-naɗi, ko ledarta ba a cire ba. Na ce ta wa ce? Ya ce Alhaji ne ya ba shi aikin jan layi. Na ce to, madalla, na juya. Har shi ma an riga an shafa masa mai a baki.

Kwanakin da suka biyo baya na ga gata irin wanda ban taɓa gani ba. Matan layi da ba sa sayen zoɓona sai sun taya, suka dinga leƙowa suna tambayar lafiyar Vivian. Wani dattijo a cocinmu ya tare ni bayan sujada yana yi min wa'azin son maƙwabci. Ni kuwa duk wanda ya yi min murmushi sai na ƙara zarginsa. Ba wanda ya taɓa ambaton motar. Ko ba su sani ba ne, ko sun sani sun yi shiru, ban gane ba, kuma duka biyun ba su yi min daɗi ba.

Aka sa taro ranar Lahadi bayan la'asar, don masu coci da masu masallaci duk su samu zuwa. A ƙarƙashin rumfar Baba Ndagi aka jera benci. Alhaji Maliki ya zo cikin farar shadda, aka ba shi kujera mai hannu. Baba Ndagi ya yi jawabi, ya yaba, aka yi addu'a iri biyu, aka tafa. Sannan ya juyo wurina.

"Saura ke, Maman Vivian. Ki faɗa a gaban jama'a kin ba da fili, gobe a fara haƙa."

Na miƙe na gyara ɗaurin zanina.

"Baba, ina da tambaya. Alhaji, ka yi haƙuri, ni ban yi boko mai zurfi ba. Taransifomar nan, tamu ce ko ta motarka ce?"

Wani daga baya ya ce wace mota kuma? Na ce a tambayi Alhaji, yana nan zaune. Na zaci zai musa, har na shirya abin da zan faɗa idan ya musa. Sai mutumin ya cire tabarau ya goge.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Na yi odar mota mai aiki da lantarki, kuma na'urar cajinta tana son wuta mai ƙarfi. Na ga tunda dole zan sayi taransifoma, gara na sayi wadda za ta ishe mu duka. Ban ga laifi a ciki ba."

"To makullin fa?"

"Na'urar tana da tsada, Maman Vivian. Ba na son yara su riƙa shiga da filaya suna juya fiyus yadda aka saba."

"Wato ranar da ka jona motarka wuta ta yi ƙasa, kai ne za ka zaɓi wanda za a cire. Kuma na san ba motar za ka cire ba."

Ya yi ɗan murmushi. "Ko da hakan ta faru, minti ashirin ne. Sauran yinin duk naku ne."

Wallahi murmushin nan ne ya ƙona min rai. Na ce, "Wa ya auna minti ashirin ɗin? Kai ka gani?"

"Kamfanin ne ya faɗa."

"Kamfanin da bai fito da motar ba. A can ƙasarsu suka auna, da wutarsu, da sanyinsu. Sun san zafin Minna a watan Maris? To bari na tambaye ka, Alhaji, don Allah ka faɗa min gaskiya. Kuɗin da suka ce maka tun farko, har yau shi ne?"

Baba Ndagi ya ce haba Esta, wannan ba huruminki ba ne. Amma Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Sun ƙara," ya ce. "Sau biyu."

"Yauwa. Mutanen da suka canja maka kuɗi sau biyu tun ba ka taɓa sitiyarin ba, su ne ba za su canja maka minti ba? Yau ashirin, in ta iso a ce awa biyu, a ce ai wutarku ce ba kyau. Kai ka kwana da motarka a jone, ni na kwana da ruwa a firiza, a kan filin ubana, ba ni da ko makullin da zan buɗe na duba. Ban yarda ba. In makulli zai zauna a hannuna yadda aka saba, a zo a haƙa yau ma. In ba haka ba, a bar min filina."

Wasu samari suka tuntsire da dariya, sai dariyar ta mutu da suka ga fuskar Alhaji. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da na fi jin daɗi. Ya miƙe a hankali ya mayar da tabarau.

"Filinki naki ne, Maman Vivian. Allah ya huci zuciyarki."

Ya tafi. Taro ya watse ba addu'ar rufewa. A hanyar gida ba wanda ya jera da ni, sai wata maƙwabciyata da ta wuce tana cewa wasu dai ba sa son ci gaba. Na ce mata ci gaban ya ci kansa.

Ba a daɗe ba muka ga an fasa katangar bayan gidan Alhaji. Babbar mota ta kawo taransifoma sabuwa fil, aka shigar da ita cikin gidansa, aka ja mata waya ta layin baya, aka mayar da katanga. Na ce to kun gani, da ma tasa ce. Na zaci mutane za su dawo su ce Esta kin yi gaskiya. Ina! Gaisuwa ma aka daina yi min. Yaran da nake aike suka daina zuwa. Har buhun shinkafar nan na sa aka mayar wa Hajiya, ta sake aiko min da shi, na ajiye shi a lungu ban taɓa ba.

Sai Baba Ndagi ya kwashi dattawa suka tafi wurin Alhaji ban-haƙuri, ba tare da sun gaya min ba. Daga baya na ji ya karɓe su hannu biyu, ya ce ai shi da ma don jama'a ya yi. Godwin ya kafa falwayoyi ta layin baya, ya dinga jona gidaje ɗaya bayan ɗaya, har da na Baba Ndagi. Ina zaune a ƙofar gida ina kallo. Gidana ne kaɗai a kan kwana, kuma ba yadda waya za ta iso shi sai an kafa falwaya a filina. Da na ga an gama ana naɗe tsani, na aje girman kai na tare Baba Ndagi.

"Baba, nawa gidan fa?"

Ya kasa kallon idona. "Alhaji ya ce kada a kuskura a taɓa miki fili, ko ƙusa kada a kafa. Ya ce ba ya son abin da zai sake ɓata miki rai."

Kun ji mugunta cikin ladabi? Aka bar ni ni kaɗai a kan tsohuwar taransifoma. Da farko na ce ai shi ke nan, tunda kaya ya ragu a kanta za ta yi min ƙarfi. Ba ta yi ba. Ruwan farko na damina ya shiga ƙarƙashinta, ta yi tartsatsi ta ƙara lalacewa, kuma yanzu ba mai yin karo-karo saboda gida ɗaya.

Layi ya haskaka. Matan da ke sayen ƙanƙarata suka fara daskarar da tasu. Masu nono da ke biyowa ta wurina kafin su shiga kasuwa suka koma gidan maƙwabciyar nan mai maganar ci gaba, don ta sayi firiza ta fara sana'ata. Firizar ma tawa ce, ni na sayar mata da hannuna da kuɗin makarantar Vivian ya taso. Na gwada janareta, man ya cinye ribar har da uwar kuɗi. Vivian ta yi ta kirana a waya tana kuka.

"Mama, ki je ki ba shi haƙuri mana. Me zai rage miki?"

Na ce haƙurin me? Ƙarya na yi masa? Ki bari motar ta iso. Ranar da ya jona ta fitilun layin nan suka yi ja, ranar za su san wadda ta yi musu faɗa. Su da kansu za su zo su kafa min falwaya, su miƙo min makulli.

Daga nan na koma jiran mota. Ina gaya muku, a duk faɗin Minna ba wanda ya ƙosa jip ɗin nan ta iso kamar ni, har da shi mai ita. Duk babbar motar ɗaukar kaya da ta shigo layi sai na leƙa. Na sa Vivian ta riƙa duba min labarinta a waya. Ta ce an ɗage fitowarta zuwa baɗi. Daga baya ta ce an sake ƙara kuɗi, kuma wai minti ashirin ɗin sai da wata na'ura ta musamman da ba kowace ƙasa ake da ita ba. Na ce a ƙara, Alhaji yana da shi. Har a cikin addu'ata na sa motar nan, Allah ya gafarta min, ina roƙon ya kawo ta lafiya.

Ranar nan ina shanya aya a filina sai motar Hajiya Hajjo ta tsaya. Ta sauke gilashi, fuskarta cike da fara'a, ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na amsa. Na daure na tambaya.

"Hajiya, ya labarin jip ɗinmu? Har yanzu shiru?"

"Au, ba ki ji ba? Ai Alhaji ya fasa."

Ayar da ke hannuna ta zube. "Ya fasa me?"

"Motar mana. Ya karɓi abin da ya samu na kuɗinsa. Tun ranar taron nan maganarki ta tsaya masa a rai. Kullum sai ya ce, matar nan fa ta yi gaskiya, wa ya auna? Da suka sake ƙara kuɗi ya bincika, ya ga abin ba yadda suka faɗa ba ne. Ya ce ke kika cece shi. Wallahi yana ta cewa na zo na yi miki godiya, ni ce ban samu zama ba."

"To wutar fa?"

"Wuta ai ta jama'a ce yanzu, ba abin da zai ja ta. Su yi ta sha." Ta yi dariya. "Allah ya saka miki da alheri, Maman Vivian. A gaida Vivian."

Gilashi ya hau, mota ta shige get.

Na daɗe a tsaye a tsakiyar filin. Ba wanda ya taɓa min shi, ko ƙusa babu. Daga gidan maƙwabciyata ina jin firizata tana aiki, na san ƙararta. Na durƙusa na fara tsince ayar daga cikin ƙasa, ina yi hawaye na zuba, don ko ta yi kunu ba ni da inda zan sanyaya shi.